Kafin A Kai Su Landan, A Kai Su Damagaram

Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ya ratsa ta ƙasar Dambatta kafin ya nufi Kazaure da Daura, ya bi ta Katsina da Jibiya ya tsallaka iyaka. Tsawonsa kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ke aikin, kuɗin kwangilar ya kusa dala biliyan 2, kuma tun watan Fabrairun 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi. Duk mai sauraron rediyo ya ji waɗannan alƙaluma har ya gaji, domin duk ministan da ya zo duba aiki sai an maimaita su. Wanda ba kasafai ake jin muryarsa ba shi ne mutumin da dogon ya raba wa gona biyu. A wannan yanki namu gona ba ta da faɗin da za a yanki wani abu a cikinta a ce saura ya isa ci da iyali. Nawa aka ba shi diyya? Da wane ma'auni aka auna? Ta ina zai tsallaka da jakinsa ya kai taki ɗaya ɓangaren? Takwaransa kuma na can bayan Ɗan Isa, a ƙasar Maraɗi, shi da wace doka za a sallame shi?

Labari guda ne wannan, rabinsa a Najeriya rabinsa a Nijar, kuma da Hausa za a ɗauko shi tun daga farko har ƙarshe, babu bukatar tafinta. A Kano kuwa akwai ɗaruruwan matasa da ke karatun aikin jarida, a Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da sauran makarantu, da yawansu ma 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne. Ni dai ra'ayina shi ne, fitar da ɗalibin jarida ƙasar waje ya yo rahoto hanya ce mai kyau ta koyarwa, ta cancanci a sa ta a manhaja a ba ta maki. Amma ƙasar wajen da ta dace da ɗalibinmu ita ce wadda ake zuwa a mota, kuma kada a bar shi ya tsallaka iyaka sai ya fara kwana a karkarar gida.

Turawa sun daɗe da gane amfanin abin. A 2009 tashar PBS ta Amurka ta nuna wani rahoto da ɗalibai 10 na Jami'ar British Columbia ta Kanada suka haɗa ƙarƙashin malaminsu Peter Klein, wanda ya yi aiki a shirin 60 Minutes. Sun bi sawun matattun kwamfutocin da ake kwasowa daga ƙasashe masu arziki, har Gana da Sin da Indiya. A Gana suka sayi wani tsohon faifan ajiyar bayanai a kasuwa, da aka buɗe shi sai ga takardun kwangilolin tsaro tsakanin gwamnatin Amurka da kamfanin Northrop Grumman. A 2010 aikin ya ci lambar yabo ta Emmy. 'Yan makaranta ne fa. Dalilin da ya sa irin wannan tafiya take koyarwa a fili yake. Inda ba ka san kowa ba, babu ɗan'uwa a ma'aikata da zai turo maka sanarwa ta WhatsApp ka kwafa ka sa sunanka. Dole ka tambaya, ka sake tambaya, ka taka ka je ka gani. Abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina lura, shi ne farkon abin da ke tsone wa baƙo ido.

Sai dai tafiyar tana da nata aibin. Baƙo ya sauka ya yi mako biyu, ɗan gari ya nemo masa mutane, ya fassara masa, ya raka shi lungun da shi kaɗai ba zai iya shiga ba, sannan baƙo ya koma ya karɓi lambar yabo, sunan ɗan gari ko a ƙasan allo bai fito ba. Klein da kansa ya dawo ya yi bincike a kan wannan rashin adalci, jami'ar kuma ta sauya tsari, ta koma haɗa ɗalibanta da na jami'o'in wasu ƙasashe su yi aikin tare. Mu da aka fi yi wa irin wannan zuwan mun san zafinsa. Sau nawa aka zo Kano aka ɗauki hoton almajiri da kwanonsa aka tafi, ba a ko tambayi sunan garinsu ba?

Matsalarmu a nan, da zarar an ce waje sai hankali ya tafi filin jirgi. Akwai dalili. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗalibai fiye da 2,000 karatu ƙasashen waje, a 2023 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya farfaɗo da shirin da gurabe 1,001, akasari zuwa Indiya. Ba ni da ja a kan wannan, likita da injiniya da matuƙin jirgi suna bukatar kayan aikin da ba mu da su. Amma a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Hatta asusun TETFund ya dakatar da tura malaman jami'a karatu waje daga farkon 2025, saboda tsada da kuma yadda wasu ke maƙalewa can. Ke nan wanda ya kawo shawarar a kwashi ajin 'yan jarida zuwa Landan ko Alƙahira ya san ba za a yi ba. In ma an yi, 'ya'yan wane da wane ne za su cika jirgin, a dawo da hotuna a gaban gada. Alhali Maraɗi da Damagaram kowacce ta fi Abuja kusa da Kano. Motar da ta tashi daga Kano da hantsi ta bi ta Dambatta da Daura ta fita ta Kwangwalam, in takardu sun cika, kafin magariba tana Damagaram.

Muna ma da magabaci a wannan sha'ani. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka gayyaci wasu editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Cikinsu akwai Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot, akwai kuma Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Imam ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944, da Hausa, domin mutanen da ba za su taɓa ganin teku ba. Abin lura a nan, kafin ya hau jirgin ruwa ya shekara huɗu yana editan jaridar da aka kafa a 1939, yana karanta wasiƙun masu karatu daga lungu-lungu na Arewa. Ya san abin da ke damun malamin makaranta da talakan da ake karɓar haraji a hannunsa, shi ya sa da ya sadu da tsohon Gwamna Lugga a tsufansa, matsalolin Arewa ya zayyana masa. Ya tafi da abin da zai gwada Ingila da shi. Ɗalibin da bai san gida ba in aka kai shi waje, kamar mai zuwa awo ne ba tiya a hannu, duk abin da aka zuba masa sai ya karɓa ya ce ya cika.

To mene ne gidan? Ɗauki hanya daga Ungogo ko Dawakin Tofa ka yi arewa, ta Minjibir ko ta Bichi, har Dambatta da Makoɗa. Ba za ka ga daji ba. Gona ce ke bin gona, iyaka sai layin gamba ko bini-da-zugu, gidaje a warwatse cikin gonaki, ko'ina ka waiga da hayaƙin wani gida. Ba a barin saura, gonar da aka noma bara ita za a noma bana, haka kaka da kakanni. A ilmin da aka koya wa malaman gona na zamanin Turawa, irin wannan ƙasa ya kamata a ce ta mutu tuntuni. Ba ta mutu ba, kuma dalilin da ya sa ba ta mutu ba shi ne abin da ya ja Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga rahoton da ya fitar tare da abokin aikinsa a 1965. Jakuna su shiga birni da itace su fito da mangalar taki. Da damina a ɗaure awaki da tumaki a turke, a tara kashinsu da toka da sharar gida, da bazara a kai gona a zuba tsibi-tsibi. A gona guda ga gero ga dawa ga wake ga gyaɗa, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Harawa da karmami su koma wa dabba, kara ya yi danni da makamashi, ba abin da ake yarwa. Ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo suna tsaye a tsakiyar gona, kowacce da mai ita, ɗorawa guda ma tana iya shiga rabon gado.

Polly Hill kuma a Ɗorayi ta zauna a farkon shekarun 1970, ta rubuta littafin da ya fito a 1977 a kan yawan jama'a da wadata da talauci a karkarar Kano. Ɗorayin nan fa ita ce wadda ke jingine da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, yau birni ya haɗiye ta, gonakin da ta ƙirga sun zama gidaje. Waɗannan mutane a wurinsu nan ce ƙasar waje, sun zo sun zauna sun tambaya, sunansu ya fito a duniya da abin da manomanmu suka faɗa musu. Ɗalibinmu kuwa ta tagar mota yake ganin wurin, ranar da zai je gida hutu.

Kuma labaran ba su ƙare ba, sun ma ƙaru. Gado yana ta tsaga gonaki har wata ba ta kai a kira ta gona. Masu awon igiya sun tunkaro daga birni suna yanka fulotai, manomi ya karɓi kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya yi aure ya sayi babur, shekara uku ya koma ƙwadago a gonar wani. Sharar birnin da a da ake rububinta yanzu rabinta leda ce. Takin zamani ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Samari sun tafi ci-rani, wasu ba sa dawowa ko da ruwa ya sauka. A nan ɗalibi zai san cewa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, wadda ya haddace don jarrabawa, tana biyan diyyar amfanin gona da gini da itatuwa ne, ƙasar kanta tana hannun gwamna, kuma zai ji yadda wannan magana take sauka a kunnen dattijon da ya gaji gonar daga kakansa.

Akwai kuma sana'ar kanta, wadda allo ba ya koyarwa. Ka tambayi manomi dami nawa ya samu bana, zai ce maka an gode Allah. Ba ƙarya ya yi ba, kai ne ba ka iya tambaya ba. Sai ka zauna, ka sha fura, ka bi ta kan ruwan bana da tsutsa da farashin taki, ka tambayi wane wata hatsin bara ya ƙare a rumbu aka koma awo, daga nan lissafin zai fito da kansa. Dole ka fara gaida dagaci, in ba haka ba ba mai kula ka, amma in ka bari shi ya zaɓo maka duk waɗanda za ka yi hira da su, to ra'ayin fada ka naɗo. Tiyar wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba, wanda ya rubuta farashi bai tantance ba ya yaudari mai sauraro. Ɗalibai mata kuwa suna da abin da maza ba su da shi, wato izinin wuce zaure. A cikin gidajen nan ake man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa, ake kiwo, ake adashi, ake ba maigida bashin hatsi in damina ta yi tsanani. Hill ta rubuta a kan wannan ɓoyayyen ciniki tun 1969, amma har yau in ka ji rahoton tattalin arzikin karkara a rediyo, muryoyin maza ne a bakin kasuwa.

Wanda ya yi makonni yana wannan, shi ne in ya tsallaka Nijar idonsa zai ga wani abu. Misali, a farkon shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta zama fili fetal, an sare itatuwa, iska tana binne shuka da rairayi. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake ɗauka ciyayi ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙasa. Maimakon a yi ta dasa sabbin itatuwa suna mutuwa, sai manomi lokacin sassabe ya zaɓi tsiro ɗaya ko biyu a kan kututture, ya datse saura, ya kare shi. Sassabin zamani suke kiransa. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga gona zuwa gona, har masu nazari da hotunan tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta cewa ya mamaye hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne. Ɗalibin da ya fito daga tsakiyar birni zai ga itatuwa ya ce ma sha Allah. Wanda ya kwana a Makoɗa zai tambayi wa ke da ikon sassabe reshe, nawa ake sayar da 'ya'yan gawo, me malamin daji yake cewa, kuma me ya sa a wajenmu duk shekara babban mutum zai dasa itace a gaban kamara akuya ta cinye kafin mako. Ranar da ya zama wakili aka kira taron manema labarai a kan shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, tambayarsa za ta bambanta da ta sauran.

Ko a ɗauki buhun wake. Kasuwar Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma wake mai yawa da ake saukewa a can daga Nijar yake zuwa. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a ciki. Buhun nan mai ciki uku da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa daga 2007, da masu binciken noma na Maraɗi aka gwada shi, cibiyar binciken noma ta IITA kuma tana da gonar gwajin wake a Minjibir. Ga labari nan da ke da ƙafa a gona, ƙafa a kan iyaka, ƙafa a tashar jirgin ruwa. A watan Fabrairun 2024, da abinci ya yi tashin gwauron zabo, hukumar yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau, kafafen yaɗa labarai suka cika da maganar ɓoye abinci da fasa-ƙwauri. Tambayar da ta fi kowacce sauƙi ita ce aka fi tsallakewa: nawa buhun gero yake a kasuwar Maraɗi da sefa a wannan makon, in an canza nawa ke nan da naira? Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa ta faɗi warwas, hatsi kuma inda ya fi daraja yake bi. Ɗalibai biyu, ɗaya a Dawanau ɗaya a Maraɗi, da waya a hannu, sun isa su warware wa mai sauraro wannan a minti biyar.

Makarantu ma haka. A watan Yunin 2024 gwamnan Kano ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi, ya yi maganar yaran da ke zaune a ƙasa da azuzuwan da suka lalace, aka kuma ware wa ilmi kaso mafi tsoka a kasafin kuɗi. Wa zai je firamaren wani ƙauye a Kunci ranar Litinin da safe ya ƙirga bencina da malaman da suka zo? Gidajen rediyonmu ba su da kuɗin man da za su yi wannan a ƙananan hukumomi 44. Ɗalibai suna da ƙafa, kuma garuruwansu ne. A can Nijar, inda ake karatu a azuzuwan zana saboda ƙarancin gini, gobara ta kashe yara aƙalla 25 a wata makaranta a Maraɗi a watan Nuwamban 2021. Wanda ya ga duka biyun ba zai ƙara rubuta cewa ilmi ya taɓarɓare ya tsaya nan ba, zai faɗi yadda ya taɓarɓare a nan da yadda ya taɓarɓare a can.

Masu gyaran ilmi za su ce ai an yi gyara. An yi, a takarda. A 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta raba kwas ɗin sadarwa zuwa fannoni 7, aikin jarida ya tsaya da ƙafarsa, watsa shirye-shirye daban, fim daban, hulɗa da jama'a daban, kuma Farfesa Umaru Pate, wanda ya jagoranci tsangayar Bayero, yana cikin jagororin wannan aiki. A Disambar 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i wadda ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Wannan kashi 30 ɗin ƙofa ce a buɗe. Ba sai an je Abuja neman izini ba, majalisar malaman sashe da ta jami'a sun isa su ce daga bana akwai kwas na rahoton karkara da ƙetare iyaka. Tsorona shi ne a cike gurbin da wasu darussan allo masu sabbin sunaye, ɗalibi ya ƙara haddace ra'ayoyin masanan Amurka na shekarun 1970 ya juye a takardar jarrabawa. Horon sanin makamar aiki na SIWES da ake da shi ma, kowa ya san yadda yakan kasance: a tura yaro gidan rediyo a cikin birni, ya bi wakili zuwa taron manema labarai, ya ga yadda ake tsayawa a bakin ƙofa ana jiran kuɗin mota. Sau da yawa darasin da ya fi zama masa ke nan.

Yadda nake hango abin, a shekara ta uku ne. Da damina kowane rukuni ya tare a ƙaramar hukuma guda da batu guda, su yi ta komawa har kaka. Bayan girbi, lokacin da hatsi ya fito kasuwa kuma hanya ta bushe, su tsallaka su yi mako biyu, kowa a haɗa shi da ɗalibi ɗan can, daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko makarantar koyon aikin jarida ta Yamai. Sannan su ma su zo a kai su Bichi da Dawanau, namu su yi musu jagora. Sunaye biyu a kan kowane rahoto. Kowa ya ɗanɗani zama baƙo, ya kuma ɗanɗani zama ɗan garin da ake yi wa tambayar da ba ta da kan gado.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Nijar ta yau ba ta jiya ba ce. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka watanni, sai a Maris na 2024 aka buɗe, a Janairun 2025 kuma ƙasar ta fice daga ECOWAS. Gwamnatin soja ta dakatar da RFI da France 24 a 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, an tsare 'yan jarida, ciki har da Samira Sabou. Yaro da rakoda a kasuwar Magarya ba tare da takarda ba, jandarma zai iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Hanyar Jibiya kuma ga 'yan bindiga, har ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a cikin jihar Kano sun fara ɗanɗanawa. Saboda haka ba abin da malami guda zai yi da ƙarfin hali ba ne. Sai da yarjejeniya a rubuce tsakanin jami'a da jami'a, da izinin hukumomin can, da sanin iyaye, da malama mace tare da ɗalibai mata, a kuma tsaya a kan gona da kasuwa da makaranta, a bar maganar soja ga waɗanda suka ƙware. Shekarar da abin ya ƙi, ai Nijar da kanta tana zuwa mana duk mako: ranar Alhamis a Maigatari za ka sami mutanen Damagaram da raƙumansu da sefarsu. Zangon Kumasi da unguwar Nima a Akara ma suna nan, ana zuwa a mota, ana jin Hausa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da haɗari a zauna. Aikin da ake horar da su don shi, a cikin irin wannan yanayin za su yi shi, gara su fara koyon taka-tsantsan da malami a gefe.

Wahalar gaskiya a cikin gida take. Malamin jami'a da maƙalun da ya wallafa ake ƙara masa girma, makon da ya kwana a Kunci yana gyara rubutun yara ba ya shiga lissafi, to don me zai je? Sai an sa wannan aiki a ma'aunin ƙarin girma. Ana kuma bukatar edita na gaske, cikin tsofaffin ma'aikatan Rediyon Kano ko Freedom ko Aminiya ko sashen Hausa na BBC, wanda zai mayar wa ɗalibi rahoto sau uku ya ce wa ya gaya maka wannan, koma ka tambayo na biyu. Kuɗi kuwa, wanda ya san abin da ake kashewa a kan gurbin digiri na biyu guda ɗaya a Indiya zai iya lissafa bas nawa zai cika zuwa Damagaram. In ƙungiyoyin waje ne za su biya, a karɓa, gidauniyar MacArthur ma ta tallafa wa tsangayar Bayero a kan binciken ƙwaƙwaf, amma kada mai ba da kuɗi ya zaɓi batu, in ba haka ba duk shekara rahoto iri ɗaya za a dawo da shi, wanda ya dace da rahoton shekara na ofishinsu.

Saura maganar harshe. Yawancin waɗannan yara in sun sami aiki a gidajen rediyon Hausa za su samu, amma da Turanci ake auna su tun daga ajin farko har kundin kammalawa. Takwarorinsu na Nijar da Faransanci aka koyar da su, duk da cewa a 2025 ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In an haɗa su, Hausa ce kaɗai za ta haɗa su, don haka da ita za a rubuta, da ita za a ba da maki, a kuma hukunta wanda ya kwaba ta yadda ake hukunta wanda ya kwaba Turanci. Jami'ar Bayero tana da tasharta a kan mita 98.9, sai a sa rahotannin a can, a ba gidajen rediyon Maraɗi da Damagaram su ma su sa. Kafin a rubuta makin ƙarshe kuma, a koma ƙauyen da aka ɗauko labarin, a kunna shi a ƙofar gidan mai unguwa, waɗanda aka yi hira da su su ji. In wani ya miƙe ya ce ba haka na faɗa ba, malami ya ciro rakoda a sake saurare a gaban kowa, in ɗalibi ne ya karkatar da magana a rage masa maki nan take.